Sulke zai tare dukan takobi marar kaifi?

Abdul Kilo Bakwai: Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu sani. Ni da abokaina muna so mu fara wasan takobi na motsa jini a istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, da muke kamawa daren Juma'a a nan Jidda. Takubbanmu kaskara ce irin ta Sudan, amma an bi bakinsu da giranda an kashe kaifin, an kuma dakushe tsinin. Na yi odar rigar sulke ta intanet, ta iso, nauyinta ya kusa kilo 10. A ka zan sa hular kwano ta babur, a hannu safar masu walda. Wannan shirin ya isa a kai mini sara da ƙarfi ban ji ciwo ba?

Ɗan Jarwal: Ya isa mana. Abu ɗaya ya rage, ka ajiye lambar 997 a wayarka, ka kuma gaya wa mai istirahar ya bar ƙofa a buɗe saboda motar asibiti 😂

Abdul Kilo Bakwai: Don Allah da gaske nake yi.

Usta Sale mai walda: Wa alaikumus salam Abdul. Kafin komai, me aka yi sulke domin ya tare? Kaifi. Baki mai yanka ya sauka a kan zobban ƙarfe sai ya zame, bai samu nama ba. To ku kun riga kun cire kaifin da kanku. Ka ga ka sayi rigar maganin abin da babu shi a filin. Abin da ya rage a takobinku nauyi ne da gudu, shi kuwa sulke ba ruwansa da nauyi, lanƙwashewa yake yi ya bi jiki, dukan ya wuce ciki gaba ɗayansa. Daidai yake da ka shige gidan sauro a maka maka taɓarya.

Abdul Kilo Bakwai: Amma Usta ƙarfe ƙarfe ne. Ai ya fi a ce riga ce kawai a jikina. Kuma da bai da amfani da mutanen da ba su yi yaƙi da shi ba.

Baba Mai Wurno: Yaro, da gaskiyarka a rabi. Sulke ba abin rainawa ba ne. Kafin yaƙin nan ya ɓarke a Sudan a 2023, duk wanda ya shiga gidan tarihi na Gidan Halifa a Omdurman zai ga sulkunan zamanin Mahadi da kwalkwalinsu na ƙarfe. Sai dai ka lura da abin da ke tare da su. Kwalkwalin yana da cushe ta ciki, da labulen auduga mai kauri da ke sauka kan wuya. Jiki ma haka, riga mai cushe ake fara sawa, sannan sulke ya hau kanta. Ba wanda ke ɗora shi a kan fata.

Kakanninmu da suka yo gabas bayan yaƙin Burmi a 1903, suka zauna a bakin kogi kusa da Sinnar a Sudan, sun zo da labarin 'yan lifida. Lifidi auduga ce, yawanci ta rimi, a cusa ta tsakanin ƙyalle a bi ta da ɗinki sosai, a sa wa mutum a sa wa dokinsa. Tsofaffinmu sukan ce ɗan lifida in ya faɗo daga kan doki sai an zo an tashe shi, kuma ba abin da yake tsoro irin kibiya mai wuta. Amma sara da kulki ba su cika yi masa komai ba. Kuma kar ka manta da garkuwa. Mayaƙin da ba ya tsayawa a doke shi don ya gwada rigarsa, da garkuwa yake karɓar duka. Rigar ta ranar da garkuwa ta kuskure ce.

Abdul Kilo Bakwai: Allah ya ƙara girma Baba. Wato in na samu riga mai kauri na sa a ƙasa shi ke nan?

Hajiya Ummu Faisal: Ba shi ke nan ba ƙanena. Ni aikin jinya nake yi a ɓangaren gaggawa, bari in gaya maka inda ƙarfe marar kaifi yake yin ɓarna. Duk wurin da ƙashi ke kusa da fata: 'yan yatsu, bayan hannu, wuyan hannu, gwiwar hannu, da siririn ƙashin nan da ya taso daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Shi wannan bai da wuyar karyewa ko kaɗan, kuma daidai nan saran da aka ɗauko daga sama yake sauka. Haƙarƙarin hagu na ƙasa kuma saifa ce a bayansa. Tana iya fashewa mutum ya tashi yana dariya, jini na zuba a ciki, sai can anjima ya yanke jiki ya faɗi. Maƙogwaro ba ma a magana, suka ɗaya da tsini dakusasshe ya isa ya kumbura hanyar numfashi.

Safar walda kuwa maganin zafi ce da tartsatsi. Usta yana nan, ya faɗa maka ko in guduma ta sauka masa a yatsa safar tana hana farce mutuwa.

Usta Sale mai walda: Ba ta hanawa Hajiya, farcena shaida ne. Abdul, ɗauki hoton sulken kusa-kusa ka turo. Ina so in ga bakin zobban.

Abdul Kilo Bakwai: Ga shi nan na turo.

Usta Sale mai walda: Na gani. Wannan waya ce aka naɗe aka yanka aka haɗa baki da baki kawai. Sulken da aka yi don aiki, kowane zobe ana daddaƙe bakinsa biyu su hau juna, a huda, a kafe da 'yar ƙusa. Naka in ka sa filaya biyu ka ja, zoben zai buɗe ba gardama. In duka ya sauka zobban za su rinƙa buɗewa, bakin wayar da aka yanka kuma yana da kaifi, shi zai shiga fatarka. Ka kawo mini shi shago in gwada maka a kan wani abu da ba ƙashinka ba.

Takubban ma ina da magana a kansu. Yawancin kaskarar da ake sayarwa don ado, wutsiyar da ke shiga cikin mariƙi siririyar sanda ce aka liƙa da walda. A rataye a bango lafiya lau. A haɗa ta da 'yar'uwarta da ƙarfi sai ta ɓalle daga nan, ruwan takobin ya tashi sama ya nufi wanda ke zaune yana shan shayi. Ko ta gaske ce irin ta maƙeran garin Kasala na Sudan, in mai giranda ya bari bakin ya yi zafi har ya canza launi, ya ɓata ƙarfen.

Mubarak Riyad: Salam. Na ɗan yi mubaraza, wato wasan takobi na gasa, a kulob, kuma ina bin masu farfaɗo da tsohon faɗan takobin Turai, waɗanda ake kira HEMA. Abin da Usta ya faɗa haka yake, amma babbar matsalar kaskararku ba ta lanƙwasa yadda ake so. Takobin da suke atisaye da shi tun daga maƙera aka yi shi don wasa: bakinsa mai kauri, tsininsa a naɗe ko a faɗaɗe, kashi ɗaya cikin uku na gaba kuma yana lanƙwashewa in an kai suka, sai ƙarfin ya tafi cikin lanƙwasar. Takobin yaƙi da aka dakushe yana nan da taurinsa. In ka kai suka abokinka kuma ya tako gaba, nauyin ku biyun ne zai taru a wuri kamar kan yatsa.

Sai batun lambobin da za ku gani a jikin kaya, 350N da 800N da 1600N. Mutane da yawa suna zaton ƙarfin dukan da rigar za ta shanye ne. A'a. Ma'aunin hudawa ne, wato ƙarfin da ake buƙata kafin tsini ya ratsa ƙyallen. Riga mai 800 tana iya zama siririya, ba za ta huje ba, amma haƙarƙarinka zai ji a jikinsa. A hular raga ma, wato hular 'yan wasan takobi mai ragar ƙarfe a fuska, 350 ko 1600 ɗin na ƙyallen da ke sauka kan wuya ne. Dalilin tsananta wannan ma'auni kuwa sananne ne. A 1982, a gasar duniya da aka yi a Rum, takobin Bajamushe Matthias Behr ya karye, guntun ya ratsa ragar hular Vladimir Smirnov na Tarayyar Sobiyet, wanda ya ci zinare a Olamfik ta 1980, ya shiga ta ido har ƙwaƙwalwa, bayan 'yan kwanaki ya mutu. Daga nan aka sauya irin ƙarfen da ake ƙera takubban gasa, aka ƙara wa huluna da riguna ƙarfi. Ku tuna wancan takobin bai kai rabin kilo ba. Na masu HEMA mai hannu biyu yana kai kusan kilo ɗaya da rabi, shi ya sa suke ƙara abin rufe ƙeya, da makarin maƙogwaro mai tauri, da safar hannu mai ɓawon roba. Hular kwano ta babur kuwa ba ta wannan aikin ba ce.

Sani Bab Makka: Ni fa ban yarda da raina hular kwano ba. Hular da mutum zai faɗo daga babur yana sheƙa gudu ya bugi kwalta ya tashi, ita ce za a ce takobin kilo ɗaya ya fi ƙarfinta? Haba Mubarak.

Mubarak Riyad: Abin da ke cikinta farin soso ne mai tauri, aikinsa ya murƙushe sau ɗaya ya ceci kanka. In ya murƙushe ba ya dawowa, shi ya sa ake cewa a canza hula bayan hatsari ko da ba a ga tsaga ba. Wasan takobi kuwa duka ne a kai a kai.

Usta Sale mai walda: Nan zan ɗan saɓa maka Mubarak. Saran wasa ba lallai ya murƙushe soson ba, ɓawon hular mai kyau zai ɗauka. Ni abin da ya fi ba ni tsoro gilashin gaban ne. A kan 'yan maƙalai biyu na roba yake juyawa, tsini ya zo daga ƙasa sai ya ɗage shi ya wuce zuwa ido. Ƙarƙashin haɓa kuma a buɗe yake. Ga numfashi yana sa shi hazo, sai yaro ya ɗage shi da kansa don ya gani.

Mubarak Riyad: Na karɓa Usta. Ko ta wace hanya dai ba ta yi ba.

Abu Rayyan Hindawiyya: Ku yi haƙuri, ni duk wannan lissafin kaya bai gamsar da ni ba. Mun tashi a Makka muna wasan mizmar, sanda a hannu, daga mu sai doguwar riga da rawani, ana kiɗa ana juyi a gaban wuta. Ba hula ba safa. Abin da ke kare mutum iya hannu ne da ladabin fili. Yaran yanzu da zarar ka lulluɓe su da roba sai su ɗauka sun zama dutse, kowa ya rinƙa sakin hannu iya ƙarfinsa. Kayan su ke jawo raunin.

Hajiya Ummu Faisal: Yaya Abu Rayyan, mizmar rawa ce, sanda ke bugun sanda, ba a nufin jikin kowa. Kuma kai ka fi ni sanin yadda kawuna ke fashewa ranar da wasan ya rikiɗe ya koma rigimar unguwa da unguwa. Su waɗannan yaran nufinsu kowa ya taɓa jikin ɗan'uwansa da ƙarfe.

Abu Rayyan Hindawiyya: To ai shi na ce, a koya musu riƙe hannu tukuna.

Mubarak Riyad: Maganar Yaya Abu Rayyan tana da ƙamshin gaskiya. Kowane mai koyarwa zai gaya maka sabon shiga da ya sha kaya ya fi kowa haɗari, don ya daina tsoro, ya daina karewa, sai ya shigo da ka. Amma maganin wannan shi ne a rage ƙarfi a kuma sauya makamin, ba a tuɓe kaya ba. Dubi Japanawa. Da suka so su rinƙa dukan juna da gaske a wasan kendo, ba su dakushe takobinsu suka ci gaba ba. Sun tsaga gora gida huɗu suka ɗaure, ta yadda in ta sauka sai ta buɗe ta shanye dukan, nauyinta rabin kilo da 'yan kai. Duk da haka suna sa hula mai sandunan ƙarfe a fuska, da safa mai cushe, da makarin ƙirji, kuma wuraren da kayan suka rufe kaɗai aka yarda a doka.

Sani Bab Makka: To waɗannan Turawan da muke gani a YouTube suna jibgar juna da gatari fa, har mutum ya kife? Ai su ƙarfe ne zalla.

Mubarak Riyad: Wannan shi ne buhurt. Babbar gasarsu ta ƙasashe an fara ta ne a Yukren a 2010. Su faranti ne na ƙarfe a jikinsu, ba zobba ba, faranti kuwa yana baza duka a wuri mai faɗi. A ƙarƙashinsa akwai riga mai cushe, kwalkwalin ma cike yake da cushe, kayan gaba ɗaya sukan haura kilo 25. Kuma a faɗan taron nasu an haramta suka kwata-kwata, sara kawai. Da duk wannan ana karya yatsu, ana gocewar kafaɗa, ana samun jijjigar ƙwaƙwalwa.

Hajiya Ummu Faisal: Wannan ta ƙarshen ita nake so ku riƙe. Hula tana hana ƙoƙon kai fashewa, amma in kai ya fizgu, ƙwaƙwalwa tana bugun ƙashi ta ciki, kowace irin hula ce. Wanda aka doka a ka ya ji jiri, ko amai, ko haske na damunsa, ko ya kasa tuna abin da ya faru, ya gama wasa a daren nan, a kai shi a duba shi. Kar a ce ya sha ruwa ya koma.

Ɗan Jarwal: Tsautsayi dai ba ya wuce ranarsa. Ni shawarata Abdul ya aika gida a haɗo masa maganin tauri, ya huta da sayen kaya.

Malam Hamza na Madina: Ɗan Jarwal, ko da wasa kake yi a bar wannan. Wanda ya fi kowa tawakkali, Annabi sallallahu alaihi wa sallam, sulke biyu ya haɗa ranar Uhudu, shekara ta 3 bayan hijira. Kuma abin da ya faru ranar ya shafi tambayar Abdul kai tsaye. Malaman tarihi sun kawo cewa Ibn Ƙami'a ya kai masa sara a kafaɗa, takobin bai ratsa sulken ba, amma ya daɗe yana jin ciwon wurin, har wajen wata guda. Sannan zobba biyu na sulken da ke kare kansa suka nutse a kumatunsa mai albarka, sai Abu Ubaida ɗan Jarrah, Allah ya ƙara masa yarda, ya ciro su da haƙoransa, har haƙora biyu suka fita. Ga sulke na gaske, ya tare kaifi, nauyin dukan kuma ya wuce.

Sani Bab Makka: Malam, ni ma dama ina so in tambaya. Ba an hana nuna wa ɗan'uwa makami ba? Ina ganin wasan nan gaba ɗayansa bai halatta ba.

Malam Hamza na Madina: Hanin ya tabbata a Buhari da Muslim, kuma an faɗi dalili, cewa Shaiɗan na iya fizgar hannun mutum. Amma ya tabbata kuma Habashawa sun yi wasa da māsu a masallacin Madina ranar idi, Annabi yana kallo, Nana A'isha tana kallo ta bayansa, da Sayyidina Umar ya so hana su aka ce ya ƙyale su. Abin da na fahimta, koyo da atisaye cikin tsari da yardar juna daban, wasan banza da ƙarfe a fuskar mutum daban. In an san abin da ke hannu yana iya cire ido, kuma ga wanda ba ya cirewa an ƙi ɗauka, to an shiga ɓangaren da aka hana.

Usta Sale mai walda: Jama'a, Abdul ya kawo sulken bayan la'asar, ga abin da muka gani. Na ɗora kankana a kan benci, na lulluɓe ta da sulken, na ɗauki ɗaya daga kaskarar tasu na sauke mata sara matsakaici, ba iya ƙarfina ba. Da muka ɗaga, ɓawon bai yanke ba, amma shatin zobban ya fito a jere, wasu sun nutse har sun fasa kore sun kai fari, ga tsaga ta bi ta ƙasa ruwa na ɗiga. Zobba da dama sun buɗe, ɗaya mun same shi a maƙale cikin ɓawon. Sai na ɗauko wata kankanar na naɗe ta da tsohon bargo ninki huɗu, ba sulke, na yi mata irin saran. Ba shati, sai ɗan laushi a wurin in ka danna da yatsa. Da na ɗora guntun bututun roba mai kauri da na tsaga biyu a kan bargon, ko laushin babu. Suka kuwa ko a kan bargon tsinin ya lotsa ta. Bakin takobin ma ya yi 'yan giɓi inda ya ci karo da zobban, na shafa ya kama mini yatsa, sai da na bi shi da magagari.

Abdul Kilo Bakwai: Kankana ai ba mutum ba ce Usta 😅 Amma na ga abin da idona.

Bashir Tela: In lifidi ake so a zo a same ni. Ina da kanbas mai kauri, in sa auduga a tsakiya in bi ta da ɗinki layi-layi. Ko in sa soso irin na kujera, ya fi sauƙi da arha.

Baba Mai Wurno: Kar ka sa soson kujera Bashir. Abin da yatsa biyu za su matse shi har su haɗu, takobi ma zai matse shi. Auduga ake dannawa sosai, layin ɗinkin kusa da kusa, har rigar ta iya tsayawa da kanta in an ajiye ta. A kafaɗa ka ninka.

Hajiya Ummu Faisal: Baba, wannan rigar a zafin Jidda? Ƙasar da ake hana ma'aikata aiki a rana daga 12 zuwa 3 tun tsakiyar Yuni har tsakiyar Satumba, ga gumin teku ko da dare bai barin zufa ta bushe. Ni na fi tsoron yaro ya faɗi don zafi a cikinta. In za su yi, a ɗaki mai na'urar sanyi, minti biyu ko uku a tsaya a cire hula a sha ruwa.

Mubarak Riyad: Shi ya sa na ce a fara daga makamin. Takobin roba ko na gora, hular raga ta gaske, makarin maƙogwaro, safa mai tauri, kofin kare gaba. Da waɗannan riga matsakaiciya ta isa. Na gwiwa da ƙwauri ku duba shagunan da 'yan Pakistan ke sayen kayan wasan kurket na dukan ƙwallo da katako, ko na masu tseren babur a sahara. Safar kurket tana yi wa gora, amma ba ta yi wa ƙarfe, gefen yatsu da babban yatsa a buɗe suke. Kuma ku leƙa kulob ɗin mubaraza mai rajista, akwai hukumar wasan a ƙasar nan, ya fi ku rinƙa yawo da takubba a bayan mota.

Abdul Kilo Bakwai: Hula da safa na yarda zan saya. Takobin roba ma za mu fara da shi. Amma sulken nan kuɗi na zuba, zan ɗora shi a kan lifidin kamar yadda Baba ya ce mutanen da suna yi. In hannunmu ya faɗa kuma mu koma kaskara.

Mubarak Riyad: Kilo 10 za ka ɗora wa kafaɗarka a banza, zobban kuma su cinye bakin takobin robar. Kaskara kuwa ko hannunku ya faɗa ba za ta koyi lanƙwasa ba.

Abdul Kilo Bakwai: Za mu hana suka, sara kawai, irin na 'yan buhurt.

Usta Sale mai walda: Wanda santsi ya kwashe a kan tayil bai san an hana suka ba. Waccan da na gwada ma mariƙinta ya fara girgiɗi, tana nan shago, ba zan ba ka ita ba sai na buɗe na ga wutsiyar.

Bashir Tela: Abdul, kar ka zo awo sai hular ta iso. Ina so in ga inda ƙyallenta ya tsaya a ƙirji kafin in yanka wuyan rigar, don kar a bar rata a tsakani. Ka taho da makarin maƙogwaron ma, a kansa zan auna.